Gano Maguɗin Kwamfuta a Darar Ces ta Nesa

Darar ces ta nesa ita ce wadda mutum biyu ke bugawa ba tare da sun zauna gaban allo ɗaya ba: wannan ya aika takunsa, wancan ya yi nazari na kwanaki, sannan ya mayar da amsa. A da ta wasiƙa ake yin ta. Karawar ƙungiyar Landan da ta Edinbura ta fara a 1824, ba ta ƙare ba sai 1828. Yau ta intanet ake bugawa, kuma shafuka irin su Chess.com da Lichess kan ba ɗan wasa daga kwana 1 zuwa 14 a kan taku guda. Maguɗi a nan shi ne mutum ya shigar da wasan cikin manhajar kwamfuta ta zaɓa masa taku, alhali dokar gasar ta hana.

A darar gargajiya mai gida 30, wadda ake bugawa da 'yan itace a gindin bishiya a garuruwan Gobir irin su Gatawa da Sabon Birni da Isa, in ɗan kallo ya ƙyafta wa wani ido, jama'a sun gani, nan take a tsawata masa. Wasan nesa ba shi da wannan shaida. Mai ba da satar amsar ma ya fi kowa iyawa: tun watan Mayu na 1997, da kwamfutar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov, aka san inda aka dosa. Manhajar Stockfish, wadda ta fito a 2008, kyauta ake sauke ta, kuma ko a wayar hannu ta fi ƙarfin zakaran duniya.

Ba ko'ina ne amfani da kwamfuta ya zama laifi ba. Hukumar ICCF, wadda aka kafa a 1951 don kula da wasan nesa a duniya, ta ƙyale 'yan wasanta su nemi taimakon kwamfuta, shi ya sa yawancin wasannin manyanta ke tashi canjaras. Chess.com da Lichess kuwa sun yarda a duba littattafan buɗe wasa, amma sun haramta manhaja mai lissafa taku.

Tun da ba mai gani, sawun da maguɗi ya bari cikin wasan ake bi. Ana kwatanta kowane taku da zaɓin kwamfuta, a auna yawan asarar da ɗan wasa ya yi, da ma'aunin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar ƙaramin soja. Dacewa da kwamfuta kaɗai ba hujja ba ce. Takun farko-farko haddace su ake yi, wani lokaci kuma hanya ɗaya ce tak a allon, kowa ita zai bi. Don haka ake ware waɗannan, a mai da hankali kan wurare masu sarƙaƙiya inda hanyoyi uku ko huɗu ke kama da juna, inda ɗan Adam ya saba tuntuɓe. Kenneth Regan na Jami'ar Buffalo a Amurka, wanda hukumar ces ta duniya FIDE ke amfani da lissafinsa, yana tambayar abu guda: mai irin wannan matsayi, sau nawa zai yi wasa mai tsabta haka bisa sa'a kawai? Lichess ma tana da manhajojin tantancewa, Irwin da Kaladin, sannan mutane su duba abin da suka tono.

A wasan gaggawa akwai ƙarin alamu, kamar ɓata daƙiƙu iri ɗaya a taku mai sauƙi da mai wuya, ko yawan fita daga shafin wasa ana dawowa. A wasan nesa waɗannan alamu sun yi rauni ƙwarai, domin mai gaskiya ma yana da damar kwana uku yana juya allo har ya gano abin da kwamfuta za ta gano. Mai wayo kuma ba ya kwafar kowane taku; sau biyu a wasa ya ishe shi. Nan ne aikin ya fi wuya, kuma nan ne ya kamata a fi jinkirin yanke hukunci, domin lissafi yiwuwa yake nunawa, ba ya kama hannu a cikin jaka.

A watan Maris na 2021 Chess.com ta rufe asusun wani ɗan Indonesiya mai laƙabin Dewa Kipas bisa zargin maguɗi; magoya bayansa suka yi ca, amma da aka zaunar da shi gaban ƙwararriyar 'yar wasa Irene Sukandar ido da ido, ta cinye shi 3 da 0. Batun Hans Niemann ya fi rikitarwa. Bayan ya doke Magnus Carlsen a Sant Luwis a watan Satumba na 2022, Chess.com ta fitar da rahoto mai shafi 72 tana cewa da alama ya yi maguɗi a wasanni fiye da 100 na intanet. Shi ya amsa cewa ya yi yana ɗan shekara 12 da 16, ya musanta sauran, ya kai ƙara yana neman dala miliyan 100. Ba a samu hujjar maguɗi a wasansa da Carlsen ba, kuma ɓangarorin sun sasanta a watan Agusta na 2023.