Isar da Hasashen Damina ga Mahukunta a Afirka ta Yamma: Daga Alƙaluma zuwa Ɗaukar Mataki

Tsakure

Maƙalar ta yi nazarin yadda ake gabatar wa mahukunta hasashen damina, ta kwatanta matakin da ƙungiyar Red Cross ta ɗauka a 2008 da ambaliyar Najeriya ta 2022 da 2024. Matsayarta ita ce, alƙaluman hasashe ba sa motsa mai mulki sai an ɗaure su tun da wuri da takamaiman aiki da kuɗin yin sa.

Gabatarwa

Kowace shekara kafin faɗuwar damina, masana yanayi na yankin Sahel kan taru ƙarƙashin cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD, masu mazauni a Yamai, su fitar da hasashe. Sukan kasa yiwuwar kashi uku: ruwa ya zarce yadda aka saba, ko ya yi daidai, ko ya gaza. Idan babu wata alama, kowane kaso na da kusan 33 cikin 100. Saboda haka idan aka ba kaso na farko 45 cikin 100, masani ya san haɗari ya ƙaru sosai. Kwamishinan da takardar ta iso teburinsa kuwa, 45 yake gani, bai ko kai rabi ba, sai ya ce a bari a gani.

Komawa ga kalmomi ma bai raba gardama ba. Kwamitin IPCC mai nazarin sauyin yanayi yana da lafazin da yake nufin yiwuwar da ta haura 90 cikin 100, amma binciken David Budescu da abokan aikinsa na 2009 ya nuna masu karatu da yawa na ɗaukar sa ƙasa da haka nesa. Da suka faɗaɗa binciken zuwa ƙasashe 24 a 2014, sun ga fahimta na ƙaruwa idan aka jera lafazi da alƙaluma tare.

Ma'aunin kuɗin shiri da asara

A ganin wannan maƙala, nan ne gizo ke saƙar. Masana tattalin arzikin hasashe sun daɗe da nuna cewa shiri na da riba muddin yiwuwar masifa ta fi rabon kuɗin shirin a kan asarar da zai kare. A ƙaddara yashe magudanun wani gari zai ci naira miliyan 10, asarar da hakan zai hana kuma ta kai miliyan 100. To, ko yiwuwar ambaliya 15 cikin 100 ce kacal, yashewar ta wajaba. Kwashe mutanen unguwa gaba ɗaya kuwa, da tsadarsa da wahalarsa, yana buƙatar yiwuwa mai ƙarfi da gargaɗin 'yan kwanaki. Hasashe ɗaya ne, amma kowane mataki da nasa mizanin, kuma da wuya a ga wannan lissafi a takardun da ake miƙa wa gwamnoni.

Misalai

A 2008 Red Cross ta dogara da hasashen damina mai yawa ta nemi tallafi tun kafin ambaliya, ta jibge barguna da gidajen sauro da sabulu a Dakar da Accra da Yaounde. Hikimar tana cikin zaɓin kayan: ba masu lalacewa ba ne, ko ambaliya ba ta zo ba za su kai baɗi.

A Najeriya hukumar yanayi ta NiMet da hukumar ruwa ta NIHSA na fitar da hasashe duk shekara, amma ambaliyar 2022 ta hallaka fiye da mutum 600, ta raba sama da miliyan ɗaya da muhallansu. Hasashen NIHSA na 2024 ya sa ƙananan hukumomi 148 a jihohi 31 cikin babban haɗari. Gaskiya aka faɗa, sai dai jerin da ya haɗe kusan ƙasar baki ɗaya bai nuna wa mai ƙaramin kasafi inda zai fara ba. A Satumban shekarar madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Kasuwar Monday da fadar Shehun Borno da asibitin koyarwa na Maiduguri. Yawan ruwan sama ɓangare ne kawai na wannan haɗari. Ƙarfin madatsa da yawan gidajen da ke hanyar ruwa su ne sauran, kuma hasashen damina ba ya auna su.

Tattaunawa

Abin da ya kamata shi ne masana da mahukunta su zauna tun da rani su rubuta yarjejeniya: idan yiwuwa ta kai kaza, ko ruwan kogi ya kai tsayi kaza, ofishi kaza zai yi aiki kaza daga asusu kaza. Akwai kuma cikas ɗin da ba a cika faɗa ba. Jami'in da ya kashe kuɗi ruwa bai zo ba, masu binciken kuɗi za su tuhume shi. Wanda ya naɗe hannu har aka yi asara, sai a ce ƙaddara ce. Don haka dole yarjejeniyar ta fayyace cewa shirin da aka yi bisa mizanin da aka amince da shi halastaccen kashe kuɗi ne, ko da ambaliyar ba ta auku a wannan shekarar ba.