Daga Naira 65 Zuwa Yau: Tarihin Gardamarmu Kan Tallafin Mai

Ranar 1 ga Janairun 2012, muna cikin gaishe-gaishen sabuwar shekara labari ya iso cewa gwamnatin Goodluck Jonathan ta janye tallafin man fetur. Litar da muke saye Naira 65 ta koma 141. Nan take maganar ta cika Facebook da Twitter da saƙonnin BlackBerry. Da yawanmu a lokacin ne muka fara ganin gardamar da aka soma a waya ta fito da mutane kan titi.

Ba a waya muka koyi gardama ba. Tun da aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 kakanninmu ke aika mata wasiƙu, zamanin NEPU da NPC kuwa a dandali da bakin kasuwa ake kai ruwa rana. Sai dai a da, maganarka ba ta wuce majalisarku sai edita ya ga dama. Zuwan wayar salula a 2001, da intanet a bayanta, ya ba kowa bakin magana.

A 2012 mun rabu gida biyu. Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Banki na lokacin, da ministar kuɗi Ngozi Okonjo-Iweala sun ce kuɗin tallafin na ƙarewa ne a aljihun masu shigo da mai da masu fasa-ƙwaurinsa. Mafi yawanmu muka ce a fara gyara matatun Kaduna da Warri da Fatakwal, a kama ɓarayin, kafin a taɓa talaka. A Kano matasa suka yi zaman dirshan a shataletalen Silver Jubilee har 'yan sanda suka tarwatsa su. Ƙungiyoyin ƙwadago suka shiga yajin aiki ranar 9 ga wata, ranar 16 gwamnati ta sauko da lita zuwa Naira 97.

Bayan 'yan watanni, kwamitin Majalisar Wakilai ƙarƙashin Farouk Lawan ya gano an yi sama da faɗi da kimanin dala biliyan 6.8 tsakanin 2009 da 2011. Ashe kowane ɓangare na da gaskiyarsa: satar tana nan, kuma ba talaka ne ya yi ta ba. Shi ma shugaban kwamitin, a 2021 kotu ta ɗaure shi kan karɓar cin hanci a binciken.

A watan Mayun 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta kai lita Naira 145, sama da farashin da ya fitar da mu titi. A nan muka nuna halinmu. Da yawa daga masu kumfar baki a 2012 suka koma ba da haƙuri, masu kare Jonathan suka karɓi kumfar. Ranar 29 ga Mayun 2023, Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin a jawabin rantsuwarsa, cikin kwanaki lita ta kai wajen Naira 500, aka sake musayar kujeru. A watan Agustan 2024 tsadar rayuwa ta sake fito da jama'a titi.

Yanzu har sana'a ce tono tsohon rubutun mutum a ɗora shi kusa da sabo don a kunyata shi. Amma wanda aka tono da mai tonon duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Sauya ra'ayi ba laifi ba ne idan hujja ce ta sauya. Namu ya fi sauyawa da sauyin wanda ke kan mulki.

Tambayoyin 2012 suna nan suna jiranmu: nawa aka tara daga janye tallafin, nawa ya isa jihohi, me aka yi da shi? Direban Adaidaita Sahu da ke lissafin kuɗin mai kafin cefanen gida amsarsu yake jira, ko wa muka zaɓa.