Maƙalar Mako: Wanda Ya Aikata Da Wanda Ya Sani Ya Yi Shiru

Maƙalarmu ta wannan makon ta taɓo abin da ba mu cika son zancensa a bainar jama'a ba, wato cin zarafin yara a wuraren da iyaye suka kai su amana: makaranta, gidan gyaran tarbiyya da filin wasa. Duk lokacin da irin wannan ya faru, alhakin yakan rataya ne a wuyan mutum uku. Akwai wanda ya aikata, akwai wanda labari ya iske shi ya danne, akwai kuma hukumar da ta ba wurin izinin aiki ba ta sake leƙawa ba. Idan muka bi tarihin Kano da maƙwabtanta daga 2015 zuwa 2023, za mu ga cewa mukan kama na farko, mukan huce haushi a kan gini, amma da wuya mu ji an tsayar da na biyu da na uku an yi musu tambaya.

Mu fara da ƙarshen shekarar 2015, lokacin da zargi ya ɓulla cewa ana lalata da ƙananan ɗalibai maza a makarantar kwana ta Hassan Ibrahim Gwarzo da ke nan Kano, ɗaya daga cikin makarantun kuɗi da suka yi suna a jihar. Hukumar makarantar ta musanta zargin. Gwamnatin jiha ta rufe makarantar, 'yan sanda suka shiga bincike. Zancen ya cika gidajen rediyo da majalisun unguwa na 'yan makonni, mutane suka rabu biyu: masu cewa a bi wa yara kadi, da masu cewa ana son ɓata sunan makaranta ne. Ba hurumin wannan maƙala ba ne ta yanke hukunci a kan zargi. Abin lura shi ne yadda gardamar ta karkata ga mutuncin makaranta, har ta kusa rufe tambayoyin da kowane uba ya fi buƙata: idan yaro ya kai ƙara a ɗakin kwana, wa yake kai wa, kuma shi wanda aka kai wa, me doka ta tilasta masa ya yi?

Bayan shekara huɗu sai ga batun gidajen mari. A ranar 26 ga Satumban 2019 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa da ke Kaduna, suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, da tabon bulala a baya, wasu kuma suka ba da labarin an yi lalata da su. A watan Oktoba aka sake gano irin wannan a Daura da cikin garin Katsina, Kano ma aka ba da umarnin rufe irin waɗannan gidaje. An kama masu gidajen da wasu ma'aikatansu. Sai dai waɗannan gidaje ba a dokar daji suke ba. A tsakiyar unguwanni suke, suna da maƙwabta, akwai masu unguwa da dagatai, kuma galibi iyaye ne da kansu suka kai 'ya'yansu, suna biyan kuɗi, da fatan a raba su da shaye-shaye ko kangara. Wasu gidajen sun shekara da shekaru suna aiki. Ke nan idanu da kunnuwa da yawa sun gani sun ji, kafin motar 'yan sanda ta iso.

Na uku shi ne wanda ya fi girgiza mu, domin a cikin ƙaramar hukumarmu ta Nassarawa ya faru. A ranar 4 ga Disamban 2021 aka sace Hanifa Abubakar, 'yar shekara biyar, a hanyarta ta dawowa daga Islamiyya. A watan Janairun 2022 ta bayyana cewa Abdulmalik Tanko, mai makarantar Noble Kids Academy da ke Kwanar Dakata inda take karatun boko, shi ne ya ɗauke ta, ya nemi fansar naira miliyan 6, ya kashe ta da shinkafar ɓera, aka binne ta a harabar wata makaranta da yake gudanarwa. Fusatattun matasa suka cinna wa makarantar wuta, gwamnati ta sanar da soke lasisin dukkan makarantu masu zaman kansu domin a sake tantance su. A ranar 28 ga Yulin 2022 Mai Shari'a Usman Na'abba na Babbar Kotun Jihar Kano ya yanke wa Abdulmalik Tanko da Hashimu Isyaku hukuncin kisa, ita kuma Fatima Musa ɗaurin shekara biyu. An yi wannan shari'a da saurin da ba mu saba gani ba, kuma abin a yaba ne. Amma soke lasisin makarantu gaba ɗaya shi kansa amsa laifi ne cewa tantancewar farko ba ta da ƙwari. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma bangon nan akwai waɗanda ake biya albashi don su kula da shi.

To yaya abin yake idan al'umma ta ƙi tsayawa a kan mai laifi kaɗai, ta bi sawun waɗanda suka sani? Misalin da ya fi fitowa fili a tarihin kwanan nan daga Amurka yake, a fagen wasannin jami'o'i, kuma ya dace mu san shi dalla-dalla.

Jami'ar Penn State da ke jihar Pennsylvania ta yi fice a ƙwallon ƙafa irin ta Amurka. Kocinta, Joe Paterno, ya riƙe ƙungiyar daga 1966 zuwa 2011, ya yi nasara a wasa 409, har an kafa masa mutum-mutumi a bakin filin wasa. Ɗaya daga cikin manyan mataimakansa shi ne Jerry Sandusky, wanda a 1977 ya kafa gidauniya mai suna The Second Mile don tallafa wa yara marasa galihu. Ta wannan gidauniya yake zaɓo yaran da zai cuta. Yana ba su kyaututtuka, yana kai su kallon wasa, iyaye suna godiya.

A 1998 wata uwa ta kai ƙara cewa Sandusky ya yi wanka da ɗanta a ɗakin wankan 'yan wasa. An yi bincike, mai gabatar da ƙara bai shigar da shi kotu ba. A 1999 ya yi ritaya, amma jami'a ta bar masa damar shiga gine-ginen wasanninta. A 2000 wani mai shara ya gan shi yana lalata da yaro, ya gaya wa abokan aikinsa, dukkansu suka yi gum don tsoron rasa aiki. A watan Fabrairun 2001 wani ƙaramin mataimakin koci, Mike McQueary, ya gan shi da wani yaro a ɗakin wanka da dare. Washegari ya gaya wa Paterno, Paterno ya gaya wa daraktan wasanni Tim Curley, magana ta kai ga mataimakin shugaban jami'a Gary Schultz da shugabanta Graham Spanier. Saƙonnin imel da aka tono daga baya sun nuna cewa sun fara shirya sanar da hukumar kula da walwalar yara, sannan suka fasa, suka zaɓi su yi masa magana a tsakaninsu, su hana shi kawo yara harabar jami'a. Babu wanda ya nemi sanin ko wane ne yaron. Sandusky ya ƙara shekara goma yana yawonsa, kuma a cikin shekarun nan ya cuci wasu yaran.

An kama shi a ranar 5 ga Nuwamban 2011. Bayan kwana huɗu majalisar gudanarwar jami'a ta sallami Paterno, Spanier ma ya rasa kujerarsa. A daren ɗalibai suka fito zanga-zanga har suka kifar da motar wani gidan talabijin, kuma fushinsu a kan korar koci ne. Wannan ya yi kama da abin da muka sani a gida: idan aka taɓa babban suna, jama'a sukan ruga su kare sunan kafin su tuna da yaro. Paterno ya rasu a Janairun 2012. A watan Yuni kotu ta sami Sandusky da laifi 45 cikin tuhuma 48 da suka shafi yara goma, daga baya aka yanke masa ɗaurin shekara 30 zuwa 60.

Da a nan labarin ya tsaya, da bai bambanta da namu ba. Amma jami'ar ta ɗauko tsohon shugaban hukumar FBI, Louis Freeh, ya yi bincike, kuma a ranar 12 ga Yulin 2012 aka saki rahotonsa ga kowa ya karanta. Rahoton ya ce manyan mutum huɗun nan sun ɓoye abin da suka sani don gudun ɓacin suna. Iyalan Paterno sun ƙi yarda da wannan, har yau ana gardama a kan iyakar abin da ya sani. Duk da haka an cire mutum-mutuminsa, hukumar wasannin jami'o'i ta NCAA ta ci jami'ar tarar dala miliyan 60, ta soke nasarorin ƙungiyar daga 1998 zuwa 2011. Jami'ar ta biya waɗanda aka cuta diyyar da ta haura dala miliyan 100. A 2017 Curley da Schultz suka amsa laifin jefa yara cikin haɗari, kotu ta sami Spanier da irin wannan laifi, kuma kowannensu ya yi watanni a gidan yari. Jihar Pennsylvania ta gyara dokokinta, ta faɗaɗa jerin mutanen da dole su kai rahoto ga hukuma idan sun yi zargin ana cutar yaro, ta kuma tsaurara binciken tarihin masu aiki da yara.

Kada mu ɗauka can ma an yi adalci cikakke. Ɗaurin wata biyu ko uku bai kai nauyin shirun shekara goma ba, kuma a 2015 NCAA ta mayar wa ƙungiyar nasarorin da ta soke. Amma abu ɗaya ya tabbata: shugaban babbar jami'a ya kwana a kurkuku alhali bai taɓa jikin yaro ba. Laifinsa shi ne an gaya masa, bai kai gaba ba.

Kuma kada mu ce wannan ciwon Turawa ne. A 2021 ƙungiyar Human Rights Watch ta fallasa yadda ake cin zarafin 'yan mata a tawagar ƙwallon kwando ta matasan Mali. An kama kocin, Amadou Bamba, kuma binciken da hukumar FIBA ta sa aka yi ya gano cewa jami'an hukumar wasan ta ƙasar sun yi ƙoƙarin rufe maganar. Fagen wasa yana da haɗari na musamman, saboda koci ne ke da ikon sa yaro a wasa ko ajiye shi a benci, shi ke ba da takalmi da kuɗin mota, shi ke alƙawarin gwaji a Turai, shi ke tafiya da yara gasa su kwana a wani gari. Kano gari ne na ƙwallo. Daga filin Mahaha zuwa filayen makarantun firamare, kullum da yamma yara ne fal, kowa yana burin zama Ahmed Musa. Mafi yawan masu horar da su bayin Allah ne da ke yi da aljihunsu, kuma su ne za su fi kowa amfana idan aka kafa ƙa'ida, domin ƙa'ida tana wanke mai gaskiya daga zargi.

Ta fuskar doka an samu ci gaba. Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta fito tun 2003, Kano ba ta samu tata ba sai a watan Mayun 2023, bayan shekara ashirin. Tun 2019 akwai kundin ƙasa na masu laifin fyaɗe a hannun hukumar NAPTIP. A asibitin Murtala an buɗe cibiyar Waraka domin karɓar waɗanda aka yi wa fyaɗe. Abin da ya rage mana shi ne al'ada. Mun taso da girmama rufin asiri, kuma hali ne mai kyau a muhallinsa. Wanda ya cancanci a rufa wa asiri a nan shi ne yaron: kada a yaɗa sunansa, kada a ɗora hotonsa a waya. Idan aka rufa wa mai cutarwa, aka sallame shi a asirce, ko aka yi sulhu a soron mai unguwa, to an miƙa shi ne ga wata makarantar da wasu yaran. Addininmu ya koyar da cewa duk wanda aka ba kiwo za a tambaye shi a kan abin da aka ba shi, kuma shugaban makaranta da shugaban kulob suna cikin masu kiwo.

Saboda haka ga abin da muke ganin ya kamata mu riƙa nema. Duk kwamitin da gwamnati ta kafa a kan irin wannan lamari, a wallafa rahotonsa, a ɓoye sunayen yara kawai. Duk shugaban makaranta ko kulob da aka kai wa ƙara, ya zama dole ya sanar da 'yan sanda ko ma'aikatar da ke kula da yara, kuma rashin yin hakan ya zama laifin da ake gurfanar da mutum a kansa. Mai gadi ko mai shara ko ƙaramin malamin da ya tona, a kare masa aikinsa. Mu kuma iyaye da yayye, kafin mu biya kuɗin makaranta ko mu bar ƙane ya bi koci zuwa gasa, mu yi tambaya: wa ke kwana da yara, babba nawa ne ke tafiya da su, wa yaro zai gaya wa idan wani abu ya faru? Wurin da aka ji haushin waɗannan tambayoyi, bai kamata mu bar yaronmu a can ba.

Allah Ya jiƙan Hanifa, Ya ba waɗanda aka cuta lafiya da juriya, Ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.