Tafkuna da Fadamu a Tarihin Ƙasar Gumel

Masarautar Gumel, wadda ake yi wa laƙabi da Lautai, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu, wato Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. Ƙasa ce mai rairayi wadda babu babban kogin da ya ratsa ta. Saboda haka tun zamanin da Mangawa suka kafa mulki a yankin cikin ƙarni na 18, rayuwar jama'a ta dogara ne ga rijiyoyi da tafkuna da fadamun da ke kwance tsakanin jigayi. A nan ake shayar da dabbobi, a ɗebi ƙasar gini, sannan ruwan da ya kwanta ya nutse ya ciyar da rijiyoyi har zuwa bazara.

Farin shekarun 1973 da 1984 ya girgiza wannan tsari. Itatuwa suka mutu, iska ta riƙa kwaso rairayi tana cike tafkuna. Wannan ne ya sa hukuma ta ƙarfafa dashen jerin itatuwan kare iska, musamman darbejiya.

A maƙwabciyar ƙasar Haɗeja kuwa, matsalar ta biyo wata hanya. Bayan gina madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru duk damina ta ragu. Ruwan da ake saki rani da damina kuma ya ba ciyawar kacala damar toshe magudanai, har wasu gonaki suka nutse, wasu suka bushe. A 1987 aka kafa shirin kiyaye waɗannan fadamu, kuma a 2008 aka sanya Baturiya, matattarar tsuntsaye masu ƙaura daga Turai, cikin jerin wuraren dausayi masu daraja a duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Abin lura a nan shi ne, gyaran fadama ba ya yiwuwa sai an mayar wa ruwa hanyarsa da lokacinsa. Ga ƙasar Gumel, wannan na nufin yashe tafkunan da suka cike, da kewaye su da gawo da bagaruwa, da barin burtalin da makiyaya ke bi zuwa mashaya, da hana yanka filayen gini a cikinsu. Garin da ya binne tafkinsa, ruwan damina zai nemi masauki a cikin gidaje, rijiyoyinsa kuma su ƙafe da wuri.