Dainoso a Ƙasar da Rana Ke Ɓata Wata Huɗu

Idan hunturu ya sauko daga duwatsun Mandara, mutumin Gella kan hura wuta a tsakar gida da asuba, makiyayi kuma ya fara shirin kora shanunsa inda ciyawa ta rage. Da wannan tunanin na makiyaya masana suka daɗe suna kallon dainoso da suka rayu a ƙuryar arewacin duniya: sanyi ya zo, sai a tashi.

A da ana ɗaukar dainoso dabbar ƙasar zafi, irin Nigersaurus da aka tono a Gadoufaoua ta Jamhuriyar Nijar. Amma a 1961 wani masanin duwatsu mai suna Robert Liscomb ya tsinci ƙasusuwa a gaɓar kogin Colville a Alaska. An ajiye su fiye da shekara ashirin kafin a gane cewa na dainoso ne. Shekara miliyan 70 da suka wuce, wurin ya fi yanzu kusanci da tsakiyar arewar duniya, kuma duhu kan rufe shi kimanin kwana 120 a jere.

To, ina suke zuwa? Masu fim ba su jira amsa ba. A 1999 shirin BBC mai suna Walking with Dinosaurs ya nuna ƙaramar Leaellynasaura tana fama da dogon dare a kudancin duniya. A 2011 aka fito da March of the Dinosaurs, fim na zanen kwamfuta, inda wani ɗan Edmontosaurus mai suna Scar ya bi garke zuwa kudu, shi kuwa Patch, ɗan Troodon mai gashin tsuntsu, ya zauna cikin duhu yana farauta. Labarin Scar ya fi kama zuciya, kamar ɗan maraƙi da ya ɓata wa garke a hanyar mashekari. Sai dai hujjarsa ba ta da ƙarfi.

Abubuwan da suka rusa ta kuwa ƙanana ne ƙwarai. A 2021 Patrick Druckenmiller na Jami'ar Alaska da abokan aikinsa suka bayyana haƙora da ƙasusuwan jarirai da suka tace daga ƙasar bakin kogin, wasu ba su wuce kan allura ba, na dainoso iri bakwai. Ke nan a can suke ƙyanƙyasa. Ƙwan wasunsu kan kai wata shida kafin ya fashe, don haka jaririn na fitowa hunturu na ƙwanƙwasa ƙofa. Wane ɗan jariri ne zai iya tafiyar dubban kilomita?

Shirin Prehistoric Planet na 2022 ya nuna dainoso cikin dusar ƙanƙara, wasu sanye da gashi. A ganina, Patch ne ya fi kusa da gaskiya, ba Scar ba.