Yadda ƙara wa furosesa gudu ke jawo wa katin hoto tangarɗa

Masu wasannin kwamfuta da masu tace bidiyo kan tilasta wa furosesa, wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da lissafin kwamfuta, ta yi gudu fiye da wanda kamfani ya ƙayyade mata. Wannan shi ne masu harkar ke kira obakulokin. Sau da yawa bayan an yi hakan sai allo ya riƙa ɗaukewa, ko hoto ya daskare, ko wasa ya rufe kansa. Mai na'ura kan ɗora laifin a kan katin hoto, har ya kashe maƙudan kuɗi wajen sayen sabo, alhali an bar jaki ne ana dukan taiki.

Ƙarin gudun furosesa ba ya sauya gudun katin hoto, domin kowannensu da agogonsa. Sai dai akwai hanyoyi huɗu da matsalar ke bi ta isa ga katin.

Agogon tushe

Ana samun gudun furosesa ne ta hanyar ninka agogon tushe, wanda yawanci megahaz 100 ne, da wani adadi. Idan adadin 45 ne, gudun ya zama gigahaz 4.5. Wanda ya ɗaga adadin ninkin kaɗai bai taɓa katin ba. Amma ramin PCIe da ake soka katin a ciki shi ma da megahaz 100 yake aiki, kuma a wasu allunan kwamfuta agogon nan biyu a haɗe suke. Haka abin yake a furosesocin Sandy Bridge da Intel ya fitar a 2011, inda ɗan ƙari kaɗan a agogon tushe kan rikita katin hoto da ma'adanar bayanai. Da zuwan Skylake a 2015 kamfanin ya raba agogon biyu.

Wuta

Furosesa da katin hoto daga layi ɗaya na bolt 12 suke shan wuta a akwatin da ke rarraba wa kwamfuta lantarki. Gudun da aka ƙara yakan buƙaci ƙarin bolt, shan wuta kuwa yana hauhawa fiye da yadda bolt ɗin ke ƙaruwa. Intel ya ƙayyade wa Core i9-13900K wat 253 a ƙololuwar gudunta, Nvidia kuma ya ƙayyade wa katin RTX 4090 wat 450. Idan aka cire wa furosesar takunkumi, akwatin wuta kuma ba shi da rarar ƙarfi, kwamfutar kan mutu daidai lokacin da katin ya nemi wuta mai yawa farat ɗaya.

Zafi

Duk wutar da furosesa ta sha zafi take komawa, kuma a cikin akwati ɗaya suke da katin. Katunan zamani suna rage gudunsu da kansu idan suka yi zafi, don haka furosesa mai ƙarin gudu na iya sa wasa ya ƙara nauyi maimakon sauƙi. A garuruwa irin su Kano da Sakkwato, inda zafin bazara kan haura digiri 40, saitin da ya yi aiki lafiya da hunturu yana iya gazawa a watan Afrilu.

Gurɓatattun bayanai

Wannan ita ce hanyar da ta fi ruɗarwa. Manhajar da ke tafiyar da katin, wadda ake kira direba, a kan furosesa take aiki, kuma duk umarnin da katin zai karɓa sai ya bi ta furosesa da RAM. Furosesar da aka ƙure takan yi kuskuren lissafi, ta aika wa katin umarnin da ba shi da ma'ana. Idan katin ya yi daƙiƙa biyu bai amsa ba, Windows kan sake tayar da direban, sai allo ya yi baƙi, saƙo ya fito yana ambaton katin hoto. Kunna XMP ko EXPO domin ƙara wa RAM gudu shi ma yana iya haddasa haka.

Abin da ya faru a 2024

A wannan shekara masu furosesocin Intel na zubi na 13 da na 14 sun yi ta ƙorafin cewa wasanni, musamman waɗanda aka gina da Unreal Engine, suna rufewa da saƙon cewa ma'adanar katin hoto ta cika. A watan Afrilu Nvidia ya shawarci masu wannan matsala su tuntuɓi Intel. An kuma lura cewa alluna da dama suna barin furosesa ta sha wuta fiye da ƙa'ida tun daga kamfani, ba tare da mai ita ya taɓa komai ba. A watan Yuli Intel ya amince cewa bolt mai yawa na shiga furosesocin, daga bisani ya fitar da gyara tare da ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Katunan da aka yi ta zargi lafiyarsu ƙalau.

Kafin a sayi sabon kati

Matakin farko shi ne a shiga BIOS a mayar da komai yadda ya zo, a kashe XMP ko EXPO, sannan a sake kunna wasan. Idan tangarɗar ta gushe, katin ba shi da laifi. Daga nan a gwada kowane sashe shi kaɗai: Prime95 ga furosesa, MemTest86 ga RAM, FurMark ga katin. Idan kowanne ya tsallake gwajinsa amma kwamfutar ta mutu da aka haɗa su aiki tare, a duba akwatin wuta da hanyar iska.

Wanda ya ƙuduri ƙara gudu ya sauya saiti ɗaya a lokaci guda, ya bar agogon tushe a 100. Ya kuma sani cewa garantin Intel da na AMD ba su ɗauke da lalacewar da ƙarin gudu ya jawo.