DAGA ALƘALI ZUWA LAUYA: TARIHIN AIKIN SHARI'A A YOLA DA JIMETA TA FUSKAR KALMOMINSA

1.0 Gabatarwa

Daga cikin mazaɓu 11 na ƙaramar hukumar Yola ta Arewa, watau Jimeta, akwai Alƙalawa da Limawa da Luggere. Sunaye biyun farko Hausa ce da aka gina a kan kalmomin aro na Larabci, watau alƙali da liman. Na ukun kuwa Fulatanci ne, ma'anarsa kwari. Mazaunin Luggere da ƙara ta kai shi gaban shari'a yakan yi bayaninsa da Hausa, ko da kuwa Fulatanci ko Bata ko Bacama yake yi a gida. Mai yiwuwa a yi masa hukunci da ƙa'idar da aka ciro daga littafin Larabci, in kuma magana ta kai babbar kotu a rubuta ta da Ingilishi.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aikin shari'a ya kai ga wannan hali a Yola da Jimeta. Za a dubi masu aikin, da horon da ake ba su, da rassan aikin, ta hanyar kalmomin da Hausa ta ara ko ta ƙirƙira a kowane zamani. Za a nuna cewa hukuma ta haɗa tsarin alƙali da na lauya a ƙarƙashin inuwa ɗaya, amma ba a yi wa harshen kotu irin wannan aiki ba.

2.0 Zamanin Fombina

Modibbo Adama, wanda ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Yola a 1841, ya rasu a 1847. A masarautar da ya bari, wadda ake kira Fombina, Lamiɗo ne uban shari'a, shi ke naɗa alƙalai, kuma majalisarsa ke duba manyan ƙararraki. Babu makarantar musamman ta alƙalanci. Ɗalibi yakan zauna gaban modibbo shekara da shekaru, ya karanci Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfatul Hukkami ta Ibn Asim mutumin Andalus, wadda ta keɓanta da ƙa'idojin zaman shari'a. Akwai kuma Liya'ul Hukkami da Abdullahi Ɗanfodiyo ya wallafa a Kano. Karatu ya ƙara ƙarfi a zamanin Lamiɗo Lawal, daga 1847 zuwa 1872, lokacin da Modibbo Raji, wanda ya yi alƙalanci a Gwandu, ya yi ƙaura zuwa Adamawa ya zauna yana karantarwa.

A wannan tsari alƙali ne ke tambayar mai ƙara da wanda aka yi ƙara. Shi ke tantance wane ne mai da'awa, domin a kansa kawo shaidu ya rataya, rantsuwa kuwa tana kan mai musu. Kafin ya yanke hukunci sai ya yi i'izari, watau ya tambayi wanda hukunci zai faɗa wa ko yana da sauran hujja. Mazhabar Malikiyya ta yarda mutum ya naɗa wakili ya tsaya masa, amma wakilci bai zama sana'a mai zaman kanta da ake yi wa horo ba.

Kalmomin wannan zamani sun nuna daɗewarsu a bakin Hausawa. Kalmar alƙali ta fito ne daga al-ƙadi, an haɗe ta da harafin ta'arifi, sannan harafin Larabci da malaman zaure ke kira ladi ya koma l, kamar yadda ya faru a alwala da farilla da lamiri. Muhuti kuwa daga mufti ne, mai ba da fatawa, amma a Hausa ma'anar ta sauko ta koma malamin da ke taimaka wa alƙali. Hukunci da shaida da diyya da sulhu da iƙirari duk na wannan rukuni ne. Ƙara da rantsuwa da gado kuwa Hausa ce ta asali, abin da ke nuna cewa kalmomin aro sun tarar da na gida ne suka zauna tare.

3.0 Zamanin Turawa

Sojojin Ingila sun ci Yola a watan Satumba na 1901, Lamiɗo Zubairu ya fice, aka naɗa Bobbo Ahmadu. Turawa ba su rushe kotunan alƙalai ba. Dokokin 1900 da 1906 sun amince da su, aka kasa su daraja huɗu, A da B da C da D, aka hana haddin yanke hannu da makamantansa, aka kuma ba Razdan da Di'o ikon duba hukuncinsu. Doka ta hana lauya tsayawa a waɗannan kotuna. Har kotun lardi, wadda Razdan ke shugabanta, an rufe wa lauyoyi ƙofarta sai da gyaran Gwamna Cameron na 1933 ya soke ta, ya kawo Babbar Kotu da kotunan majistare. Ke nan, duk da cewa Christopher Sapara Williams ya zama lauya a Ingila tun 1879, talakan lardin Adamawa ya shekara da yawa bai san wannan sana'a ba sai a labari.

A 1934 aka buɗe Makarantar Shari'a a Kano, aka ɗauko malamai daga Sudan don horar da ma'aikatan kotunan En'e. Ita ce ta koma Makarantar Nazarin Larabci a 1947. Daga nan ne takardar shaida ta fara shiga gaban ijazar malamin zaure wajen ɗaukar alƙali.

Zaman tsarin biyu gefe da gefe bai rasa karo ba. A 1947, a shari'ar Tsofo Gubba da En'en Gwandu, kotun Sarki ta yanke hukuncin kisa bisa Malikiyya, amma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke shi, domin a dokar Turawa wanda aka tunzura ya yi kisa ba a kashe shi. Irin wannan saɓani, da kuma fargabar ƙananan ƙabilu gab da mulkin kai, suka sa Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa kwamitin masana shari'a a 1958. Shugabansa shi ne Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, cikin wakilansa akwai Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa J.N.D. Anderson na Jami'ar Landan. Shawarar kwamitin ta haifar da Final Kod, wadda aka tsara a kan ta Sudan, ita kuma tushenta dokar Indiya ta 1860. Ta fara aiki a 1960, aka fassara ta da Hausa, aka riƙa kai alƙalai Makarantar Koyon Mulki ta Zariya don su koye ta. A shekarar ce kuma aka kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a, wadda Malam Abubakar Gumi ya zama shugabanta a 1962.

Rukunin kalmomi na biyu ya shigo ne a wannan zamani: kotu, joji, majistare, lauya, sammaci, beli, fursuna, tafinta. Biyu daga ciki sun cancanci a tsaya a kansu. Ta farko ita ce kadi. Asalinta ɗaya da alƙali, amma ta sake shigowa ta hanyar rubutun dokokin Ingilishi, aka keɓe ta ga alƙalan kotun ɗaukaka ƙara. Ta haka kalma guda ta Larabci ta ba Hausa muƙamai biyu, na ƙasa da na sama. Ta biyu ita ce lauya, wadda ta yi kama da aikatau na Hausa lauya, watau lanƙwasa abu. Asalinsu ba ɗaya ba ne, amma kamar ta sa jama'a suka fassara sana'ar da cewa ta mai lauya magana ce. Wannan fassara ta dace da tunanin mutanen da suka saba ganin kowa yana faɗin ƙararsa da bakinsa.

4.0 Horon Lauya da Rassan Aiki

Ɗan Arewa na farko da ya zama lauya shi ne Abdulganiyu Folorunsho Abdulrazaq na Ilori, a 1955. Muhammadu Bello na Katsina ya biyo baya a 1956, ya kuma zama Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Dukkansu a Landan suka yi karatu, inda ba a koyar da dokar Nijeriya, balle shari'ar Musulunci. Don magance haka aka kafa kwamitin Unsworth a 1959. Dokokin 1962 suka biyo baya, Makarantar Horar da Lauyoyi ta Nijeriya ta buɗe a Legas a watan Janairu na 1963 da ɗalibai 8. Hedikwatarta ta koma Bwari ta Abuja a 1997, daga baya Yola ta sami reshe.

Horon yana da matakai biyu: digirin shekara 5 a jami'a, sannan shekara guda ta koyon aiki a makarantar lauyoyi, kafin a rantsar da mutum a sa sunansa a rajistar Kotun Ƙoli. A Ingila sana'ar ta rabu biyu, barista mai tsayawa gaban kotu da solisita mai tsara takardu da ba da shawara. A Nijeriya mutum ɗaya ke riƙe duka biyun, don haka kalmar lauya ta wadatar, barista kuwa ta koma laƙabin girmamawa da ake sa wa gaban suna. Daga nan aikin ya yi rassa. Akwai lauya mai zaman kansa, akwai lauyan gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ƙarƙashin Antoni Janar, akwai na Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976 don marasa hali, akwai kuma masu aiki a bankuna da kamfanoni da jami'o'i. Lambar Babban Lauyan Nijeriya an fara ba da ita a 1975 ga Rotimi Williams da Nabo Graham-Douglas. Tsarin Mulkin 1999 ya shardanta shekara 10 ta aikin lauya ga jojin babbar kotu, 12 ga na Kotun Ɗaukaka Ƙara, 15 ga na Kotun Ƙoli. Kadi kuwa ana iya naɗa shi ko ba lauya ba ne, muddin ya shekara 10 da takardar shaidar ilmin shari'ar Musulunci da aka amince da ita, ya kuma ƙware a aikinta ko ya shahara a ilminta.

5.0 Haɗuwar Tsarin Biyu a Adamawa

Tsakanin 1967 da 1968 gwamnatin soja ta soke kotunan sarakuna, ta karɓe kotunan alƙalai daga hannun En'e, ta mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin babban jojin jiha. A nan ikon Lamiɗo na yanke hukunci ya ƙare. Da aka ƙirƙiro Jihar Gongola a 1976, Yola ta zama mazaunin babbar kotu, Mai Shari'a Buba Arɗo ya riƙe muƙamin Babban Joji, lauyoyi suka fara buɗe ofisoshi a Jimeta. Tsarin Mulkin 1979 ya ba wanda ake tuhuma 'yancin ɗaukar lauyan da yake so, kuma hukunce-hukuncen shekarun 1980 suka buɗe wa lauyoyi ƙofar kotun alƙali. Jihar Adamawa, wadda aka ƙirƙiro a 1991, ba ta cikin jihohi 12 da suka kafa dokar laifuka ta shari'ar Musulunci daga 1999. Saboda haka aikin kadi a can ya tsaya ga aure da gado da wasiyya da waƙafi da riƙon yara. Kwalejin Nazarin Shari'a ta Yola na horar da ƙananan ma'aikatan kotu, a 2023 kuma aka rantsar da Hafsat Abdulrahman a matsayin mace ta farko da ta zama Babbar Jojin jihar.

Rukunin kalmomi na uku na wannan zamani ne, kuma ƙirƙira ce ta cikin gida wadda rediyo da jaridu suka yaɗa: ɗaukaka ƙara, mai gabatar da ƙara, lauya mai kare wanda ake tuhuma, kotun ƙoli, ɗage zama.

6.0 Matsalar da ta Rage

Sashe na 36 na Tsarin Mulkin 1999 ya ce a sanar da wanda ake tuhuma laifinsa da harshen da yake ji, a kuma ba shi tafinta kyauta. Sai dai doka ba ta faɗi irin horon da tafinta zai samu ba, alhali ta ƙididdige shekarun lauya da joji. Ga misalin inda hatsarin yake. Idan aka tambayi mutum ko ya amsa laifinsa, ya ce "na yi", yana iya nufin ya aikata abin ne kawai, bisa kuskure ko kare kai. In aka rubuta cewa ya amsa laifi, an rufe masa ƙofar kariya. Haka kalmar shaida ke ɗaukar mutumin da ya gani, da bayanin da ya bayar, da kayan da aka gabatar, abubuwa uku da Ingilishin kotu ya rarrabe. Alƙali kuma tana nufin shugaban kotun yanki da majistare da joji, har da mai hura usur a filin ƙwallo. Daɗin daɗawa, bayanan da aka ɗauka da Hausa a ƙaramar kotu sai an juya su zuwa Ingilishi kafin manyan kotuna su duba su, kuma abin da mai fassara ya rubuta shi ne abin da joji zai karanta. Ƙamus mai harsuna huɗu da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilmi ta Nijeriya ta buga a 1991 ya fi karkata ga kalmomin majalisa, bai isa ya toshe wannan giɓi ba.

7.0 Kammalawa

An ga yadda alƙalanci a Yola ya taso daga zauren modibbo, ya bi ta makarantar Kano da ta Zariya, ya haɗu da sana'ar lauya da ta zo daga Landan ta hanyar Legas. An kuma ga cewa kowane mataki ya bar kalmominsa a Hausa. Aikin da ke gaban masana harshe iri biyu ne. Na farko, a tattara kalmomin da ake amfani da su a kotunan yanki na Jimeta da Yola da sauran garuruwa, daga rajista da kuma bakin ma'aikata, a daidaita su tare da alƙalai da lauyoyi, a haɗa da takwarorinsu na Fulatanci. Na biyu, sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i su tsara kwas na tafintan kotu mai takardar shaida, su nemi hukumomin shari'a na jihohi su mayar da ita sharaɗin ɗaukar aiki. Kwalejin Nazarin Shari'a da reshen makarantar lauyoyi duk suna Yola, don haka garin ya dace a fara gwajin a cikinsa.